Daga Tukuici Zuwa Kan Sarki: Tarihin Kuɗin Aika Wasiƙa a Ƙasar Kabi

Gabatarwa

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu shi ne wata tsohuwar adaka ta mahaifina, wadda ta faɗo cikin rabona bayan rasuwarsa a Argungu. A cikinta, ƙarƙashin takardun haraji da na jangali, na tarar da damin wasiƙu an ɗaure da zare, kowace tana cikin ambulan ɗinta. Ni ma sai na haɗa su da nawa waɗanda na tara a tsawon shekarun da na yi ina koyarwa tsakanin Argungu da Birnin Kebbi. Mafi tsufa a cikinsu ta shekarar 1960 ce, daga wani baffana da ke aikin kuza a Jos, kuma tana ɗauke da kan sarkin taro mai hoton gadar Jebba, ga kan Sarauniya Elizabeth a gefe. Ta ƙarshe kuwa ta 2012 ce, kan sarkinta na naira hamsin ne. Taro a lissafin kuɗin yanzu kwabo biyu da rabi ne. Ke nan a cikin shekara 52 farashin aika wasiƙa guda ya ninka sau dubu biyu.

Wannan lissafi shi ya fara jan hankalina, amma da na zauna na yi ta juya waɗannan ambulan, sai na ga cewa kuɗin da aka rubuta a jikin kan sarki bai taɓa zama shi ne dukan abin da Bakabe yake biya ba kafin maganarsa ta isa ga ɗan'uwansa na nesa. Sau da yawa ma shi ne mafi ƙanƙanta. Wannan maƙala za ta bi sawun farashin biyu: wanda hukuma ta yanka, da wanda ba a rubuta ko'ina ba.

Kafin zuwan gidan waya

Kuskure ne a ɗauka cewa Turawa ne suka kawo mana wasiƙa. Daular Sakkwato da takarda aka tafiyar da ita. Ofishin Waziri a Sakkwato shi ke rubuta wa sarakunan gabas, Gwandu kuma tana rubuta wa ƙasashen da ke ƙarƙashinta kamar Nufe da Ilori, da Larabci, a buga hatimi, a naɗe a sa cikin gafaka, a ba manzo. Wasiƙun da Turawa suka samu a gidan Waziri bayan cin Sakkwato a 1903 su ne H. F. Backwell ya fassara ya buga a 1927, kuma a kan irin waɗannan takardu ne Murray Last ya dogara ƙwarai a littafinsa na tarihin daular. Takardar kanta daga nesa take zuwa. Wadda aka fi sani ita ce mai alamar jinjirin wata uku, da ake yi a ƙasar Italiya, ta ratso Sahara ta hannun fataken Turabulus. Saboda haka ba kowa ke iya ɓarnar falle ba.

To, wa ke biyan kuɗin aika? A al'adarmu wanda aka kawo wa saƙo shi ke sallamar ɗan aike. Shi ne tukuici. Manzon sarki idan ya iso, a sauke shi, a ciyar da shi da dokinsa, ranar komawa a ba shi riga ko goro ko wuri gwargwadon girman wanda ya aiko shi da kuma daɗin labarin. Babu farashi yankakke. Mutuncin mai karɓa shi ne ma'auni, kuma an san wanda ya yi ƙwauron tukuici labarinsa zai riga shi isa.

Talaka kuwa, wasiƙarsa a baki take, ko kuma a ɗan falle na ajami da malamin unguwa ya rubuta, a damƙa wa madugu ko wani bafatake da zai bi hanyar Gwanja. Ayarin goro da ke ratsa Jega zuwa Salaga shi ne gidan wayan kakanninmu, sai dai amsa takan ɗauki shekara. A tsakanin Argungu da Gwandu ma akwai lokacin da ba tukuici ne abin tsoro ba. Tun bayan da Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kebbi a 1805, musamman daga tawayen Yakubu Nabame a 1849, fadamar Gulbin Kabi ta zama bakin dāga, in ban da ɗan tsakanin da ake kira Lafiyar Toga. Tafiyar da ba ta wuce kilomita hamsin ba, manzo yana iya biyanta da ransa.

Akwai misali ɗaya da nake son ba ɗalibaina. A shekarar 1853 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka Gwandu a kan hanyarsa ta zuwa Tambutu. Abin da yake nema shi ne takarda guda daga Sarkin Gwandu Halilu wadda za ta ba shi izinin ratsa ƙasashen yamma. Sai da ya yi kwanaki yana jira, ya ba da kyauta, aka ce ba ta isa ba, ya ƙara, sa'an nan takardar ta fito. A wannan zama ne ya samu kwafen Tarihin Sudan ya kwafi abin da ya iya. Daga nan ya bi ta Birnin Kebbi ya nufi Sayi. Wannan shi ne farashin wasiƙa a zamanin da darajarta take ga hatimin da ke kanta.

Yadda kwabo ya zama farashi

Abin mamaki, Ingila ma da irin tsarinmu ta fara. Kafin 1840 mai karɓar wasiƙa ne yawanci ke biya, kuma ana lissafi ne da nisan tafiya da yawan fallaye. Falle guda daga Landan zuwa Edinbara sule ɗaya da ahu ne, abin da ya fi ƙarfin lebura. Wani tsohon malamin makaranta mai suna Rowland Hill shi ya yi bincike ya nuna cewa ɗaukar wasiƙa daga gari zuwa gari ba shi ke cin kuɗi ba. Abin da ke ci shi ne aikin akawu na auna nisa da rubuta bashi da bin gida gida ana karɓar kuɗi. Ya ce a yanka farashi ɗaya mai sauƙi ga ko'ina, mai aikawa ya biya tun farko. A watan Janairu 1840 aka soma aika wasiƙa a kan kwabo ɗaya, a watan Mayu kuma aka fito da kan sarki na farko a duniya, baƙi, mai hoton Sarauniya Victoria. A shekarar nan yawan wasiƙu ya ninka fiye da biyu. Malamai su lura, ɗayanmu ne ya yi wannan tunani.

A 1874 ƙasashe suka haɗu a birnin Bern suka kafa ƙungiyar gidajen waya ta duniya, domin kan sarkin ƙasa ɗaya ya isar da wasiƙa har cikin wata ƙasa. A wannan shekara ce kuma Ikko ta sami kan sarkinta na farko. A ƙarshen 1898 aka shimfiɗa farashin kwabo ɗaya tsakanin Ingila da yawancin ƙasashen da take mulka. Da aka kafa mulkin Turawa a Nijeriya ta Arewa a 1900, sai aka buga mata nata kan sarki, daga na ɗari har na sule goma.

A nan akwai ɗan abin lura game da sunan. Na farkon da aka buga wa Arewa kan mace ne, wato Victoria. Amma ta rasu a 1901, aka fito da masu hoton Sarki Edward a 1902, shekarar da Turawa suka girke soja a Argungu da yardar Sarkin Kabi Sama'ila. A ganina, lokacin da idon mutanenmu ya fara sabawa da wannan 'yar takarda, kan namiji ne a jikinta, shi ya sa sunan ya zauna. Bayan haka mun ga kan sarauniya, mun ga kan damisa da na saniya, duk ba mu fasa cewa kan sarki ba. Haka ma gidan waya: ba daga wasiƙa ya samo sunan ba, daga wayar tangaraho ce da aka ja bisa turaku. Kuma tun da ana maganar farashi, kan sarki mafi tsada da aka taɓa buga wa Arewa shi ne na fam 25 na shekarar 1904, wanda ba don wasiƙa aka yi shi ba, don biyan kuɗin lasin ne. A yau yana cikin waɗanda masu tara kan sarki a duniya suka fi nema.

Me kwabo yake nufi a ƙasar da ake ciniki da wuri? Sunayen kuɗinmu sun adana amsar. Rabin kwabo muna ce masa ɗari, domin wuri ɗari ne canjinsa, ko da yake canji yakan bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa. Ke nan kan sarkin kwabo wajen wuri metan ne. Anini kuwa, wanda goma ke yin kwabo, shi ne abin da talaka ya fi riƙewa. Ba kuɗi ba ne da za a raina, amma idan aka tuna cewa wasiƙar za ta taso daga nan a kan ɗan aike mai gudu, ta bi ta Yawuri da Kwantagora zuwa Zungeru, ta shiga jirgin ruwa a Kwara, ta ratsa teku har Ingila, duk a kwabo ɗaya, za a ga cewa farashin bai ko kusa biyan wahalar ba. Gwamnati ce ke cikawa, domin ita ce babbar mai amfana. Wasiƙun Razdan da na Di'o ba a manna musu komai, hatimin aikin gwamnati ya wadatar. Na En'e kuma tsakanin fada da hakimai dogarai da 'yan doka ke kai su.

Farashin da ba a rubuta ba

Nan ne nake son mai karatu ya ɗan tsaya. An haɗe Kudu da Arewa a 1914, aka fito da kan sarki mai suna Nijeriya kawai. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya isa Ƙaurar Namoda ta Gusau a 1929, motoci suka karɓi jakar wasiƙu daga kan mutane. A 1936 jirgin sama ya fara jigilar wasiƙu tsakanin Kano da Hartum. Birnin Kebbi ta riga ta zama mazaunin Sarkin Gwandu tun 1906. Duk wannan ci gaba an yi shi, farashi kuma bai yi wani tashi ba, domin daga kwabo ɗaya na farkon ƙarni zuwa taro na 1960 shekara sittin ce. Amma mutumin ƙauye bai ruga gidan waya ba. Me ya hana shi?

Na farko, akawun gidan waya boko yake karantawa, kuma a farkon zamani yawancinsu mutanen Ikko ne da Gwalkwas da Saliyo. Malamin da ya iya cika falle da ajami ba ya iya rubuta adireshi. Dole a nemi ɗan boko. Mahaifina ya ba ni labarin yadda ake aika wa baffana amsa. A sayi takarda da ambulan a kanti. A je wurin mai rubuta wasiƙa da ke zaune da ɗan teburinsa kusa da kotu, a biya shi abin da sau da yawa ya fi kuɗin kan sarkin. A faɗa masa sirrin gida a gaban masu jiran layi. Idan mutum daga ƙauyukan fadama ya fito, ya bar gona yini guda, ya biya fito, da damina kuwa ya yi ta kewaya. Kuma tun da babu mai kai wasiƙa gida gida a garuruwanmu, sai an ari adireshin wani: ta hannun hedimasta, ta hannun hakimi, ta hannun mai kanti. Idan ta iso, wanda ya kawo a ba shi tukuici, wanda ya karanta ma a ba shi. Ashe tukuici bai mutu ba, kan sarki ƙari ya zama a kansa.

Saboda haka mutane da yawa suka ci gaba da ba direbobi da 'yan koli wasiƙunsu. Direba ya san gidan, ya san fuskar, kuma zai dawo da amsa a baki har da bayanin yadda ya ga jikin tsohuwa.

Abin da ya karya wannan farashi na ɓoye ba ragin hukuma ba ne, karatu ne. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939, ita ma a kan kwabo, kuma shafin wasiƙunta ya koya wa mutane cewa talaka na iya rubutu sarki ya karanta. Sojojin da suka je Bama a Yaƙin Duniya na Biyu sun dawo sun san daɗin samun takarda daga gida. Sa'an nan ga Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950. Ba banza ba, a jerin kan sarkin da aka fitar a 1961, na ahu hoton ajin manya ne. Duk gidan da aka sami yaro ɗaya ɗan firamare, kuɗin mai rubutu da na mai karantawa sun faɗi. Ni kaina tun ina aji huɗu na zama magatakardan unguwarmu, ladana ƙuli-ƙuli ne da albarka, kuma na san sirrin gidaje da har yau ban faɗa wa kowa ba.

Daga taro zuwa sule

Idan aka tambaye ni zamanin da wasiƙa ta yi tashe a ƙasar Kabi, zan ce daga samun mulkin kai zuwa tsakiyar shekarun 1980. Ambulan ɗin adaka sun nuna taro a farkon shekarun 1960, sa'an nan kwabo huɗu mai hoton damisa a ƙarshensu. Wasiƙar jirgin sama zuwa Ingila a 1960 sule ɗaya da taro ce.

A kan wannan ƙarin kwabo ɗaya ne na sha kunyar da ban manta ba. Ina kwalejin horon malamai, ina da ragowar kan sarkin taro, na manna na jefa. Ƙa'ida kuwa ita ce idan kuɗi bai cika ba, mai karɓa zai biya ninkin abin da ya rage. Aka aiko wa mahaifina ya zo ya fanshi wasiƙarsa da kwabo biyu. Ya bar aiki ya je, ya biya, aka karanta masa, sai ga shi kuɗi nake roƙo. Da na zo hutu bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Malam, ashe yanzu roƙon ma sai an saya?" Tun ranar nake sa a auna mini kowace wasiƙa.

Ranar 1 ga Janairu 1973 aka canza kuɗi, fam ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma. Wasiƙa ta koma sabon kwabo biyar. Mutane da yawa ba su lura an yi ƙari ba, tun da huɗu da biyar maƙwabta ne. Amma tsohon kwabo huɗu bai kai sabon kwabo uku da rabi ba, sabon kwabo biyar kuwa sisi ne cif. An ƙara rabin farashi ke nan a cikin hayaniyar canji. Tsofaffi su ne suka gane, domin su ba su bar kiran kwabo biyar sisi ba.

Jerin kan sarkin 1973 yana da muhimmanci gare mu ta wata fuskar. Na kwabo biyar garken shanu ne, na kwabo goma namun dajin Yankari, na naira ɗaya gadar Eko. Na kwabo talatin kuwa bikin kamun kifi na Argungu ne, ga masunta da homa da gora cikin ruwa. Bikin da aka faro a 1934 don tarbar Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu, alamar sulhu tsakanin Kabi da Sakkwato, sai ga shi yana yawo a goshin ambulan. Kwabo talatin ya fi ƙarfin wasiƙar cikin gida, saboda haka a kan ƙunshi da wasiƙun ƙasashen waje aka fi ganinsa. Mutanen da ba su taɓa jin sunan Matan Fada ba sun ga hotonsa ta wannan hanya. Na sayi guda ban aika da shi ko'ina ba, yana nan cikin adaka.

Me muke aikawa a lokacin? Malamai da yawa da wasiƙa suka yi karatun neman ƙarin takarda, suna biyan makarantun Ingila irin su Wolsey Hall da Rapid Results da fasoda, darasi ya zo, a amsa, a mayar, a jira maki. Takardar neman aiki, sakamakon jarrabawa, kiran shiga makaranta, duk ta akwatin gidan waya suke zuwa. 'Yan ci-rani na aiko da kuɗi. Matasa na aika katin zaɓi-sonka zuwa Rediyon Kaduna, masu ƙarfin hali kuma su rubuta wa Sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957, su kwana sati shida suna kasa kunne ko za a ambaci sunan garinsu. Akwai kuma wani aikin kan sarki da ba na wasiƙa ba: idan aka sayar da gida ko gona, sai a manna shi a ƙasan takarda a sa hannu a kansa, kuma a idon dattawa takardar da ba ta da shi ba ta cika shaida ba.

A farkon shekarun 1980 wasiƙa kwabo goma ce, wato sule. Mafi ƙarancin albashi da aka kafa a 1981 naira 125 ne a wata. Ƙaramin ma'aikaci ke nan yana iya sayen kan sarki 1,250 da albashinsa. A riƙe wannan adadi.

Lokacin da naira ta zube

A 1985 aka raba tsohuwar ma'aikatar waya gida biyu, NIPOST ta ɗauki wasiƙu, NITEL ta ɗauki tarho. A watan Satumba 1986, ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Janar Babangida, aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Nairar da ta fi dala daraja a 1980 sai ga shi ana ba da wajen huɗu a dala ɗaya, kuma zuwa 1993 farashin hukuma ya kai kusan 22. Mota da taya da man fetur da tawadar buga kan sarki duk da kuɗin waje ake lissafinsu. Ga kuma wani nauyi da mai aika wasiƙa bai gani: tun daga yarjejeniyar 1969, ƙasar da ta aika wasiƙu waje fiye da yadda ta karɓa tana biyan ƙasar da ta raba su, kuma ba da naira ake biya ba.

Ambulan ɗina sun ba da labarin a taƙaice. Na 1984 kwabo goma. Na 1992, shekara guda bayan an ƙirƙiro Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta 1991, kwabo hamsin. Na 1999 naira goma. Na 2002 naira ashirin. Na 2012 naira hamsin. Akwai wata ta tsakiyar shekarun 1990 da aka lulluɓe bayanta da ƙananan kan sarki har goma sha biyu, domin farashi ya gudu ya bar waɗanda aka riga aka buga. Wanda ya shekara sittin yana hawa daga kwabo zuwa taro, ya ninka sau ɗari cikin shekara goma sha biyar.

Wani zai ce ai albashi ma ya tashi. Haka ne, amma a auna. A 2011 mafi ƙarancin albashi ya zama naira 18,000. A kan naira hamsin, kan sarki 360 ke nan, inda a 1981 ake samun 1,250. Wasiƙa ta ƙara tsada fiye da sau uku a aljihun ƙaramin ma'aikaci.

Duk da haka ban yarda cewa tsada ce ta kashe wasiƙa ba. Naira hamsin a 2012 ba ta fi kuɗin ƙosai ba. Abin da ya faru shi ne farashin nan na ɓoye ya sake dawowa ta wata siffa, wato jira. Da wayar salula ta shigo a 2001 aka sayi layi da tsadar da ta fi kan sarki ɗari huɗu, mutane suka yi ta saye, domin tana ba da abin da direban mota ke bayarwa a dā: amsa nan take, da muryar mutum, ba tare da neman wanda ya iya boko ba. Tsohuwar da ba ta taɓa rubuta harafi ba yanzu tana aika wa ɗanta saƙon murya a Legas. Takardun da dole sai an kai su hannu kuwa sun koma tashar mota, a ba direba, a ba shi na goro, a buga wa mai karɓa waya ya je ya tarbe shi. Tsakanin Argungu da Birnin Kebbi haka ake yi, kuma awa ɗaya ta isa.

Ba mu kaɗai ba ne. A Ingila, inda kwabo ɗaya ya tsaya daga 1840 har 1918, kan sarki mai daraja ta ɗaya ya kai fam ɗaya da fene 70 a watan Afrilu 2025, saboda wasiƙu sun ragu amma gidajen da za a kai wa ba su ragu ba. A shekarar 2025 ɗin ce kuma kamfanin gidan waya na ƙasar Denmak ya ba da sanarwar daina raba wasiƙu baki ɗaya, bayan shekara ɗari huɗu. Lissafin Rowland Hill yana tsayawa ne idan wasiƙu suna da yawa. Da zarar sun ragu, sai kowace ta ɗauki nauyin da dubu suke rabawa.

Naira hamsin ɗin nan ma ba ta ɓace ba, wuri ta sake. A 2016 Babban Bankin Nijeriya ya umarci bankuna su riƙa cire naira hamsin a matsayin kuɗin kan sarki daga kuɗin da ya shiga asusu, abin da ya jawo doguwar jayayya tsakanin NIPOST da hukumar tara haraji ta tarayya a kan wa ke da haƙƙin kuɗin, har dokar kuɗi ta 2020 ta mayar da shi harajin tura kuɗi ta na'ura. Mutane da yawa da ba su taɓa lasar bayan kan sarki ba sun biya kuɗinsa ba su sani ba.

Roƙona ga malamai da dattawa shi ne a duba adakoki kafin gara ta riga mu. Mutane sukan adana wasiƙar su yar da ambulan, alhali ga mai tarihi ambulan ɗin ne ke ɗauke da farashi, da hatimin garin da ta taso, da ranar da ta taso, da hatiman garuruwan da ta ratsa a bayanta. Da guda ashirin malami zai iya koyar da canjin kuɗi na 1973, da faɗuwar naira, da hanyoyin mota na dā, ba tare da ya buɗe littafi ba. Na gwada haka da jikokina. Na miƙa wa babbar cikinsu wasiƙar baffana ta 1960, ta juya ta gaba da baya, ta karanta hatimin Jos da na Gusau da na Sakkwato, ta ƙirga kwana tara tsakanin na farko da na ƙarshe. Sa'an nan ta nuna hoton gadar Jebba ta ce, "Kaka, wannan sitika ɗin nawa ake sayar da shi?" Na ce taro. Ta ce mene ne taro.